Fararen Kajin Yaba

Dutsen farko a kan rufin motar ya sauka, na biyu ya tarwatsa madubin gefe. Furera tana bakin ƙofar gida da bokitin zoɓo a hannu, ta ga farar motar nan ta masu binciken cuta daga unguwar Yaba ta nan Legas ta ci birki a bakin layi, samarin unguwa sun tare mata hanya. Wasu da duwatsu, wasu da gorori, akwai ma wani ɗan okada da ya sauke fasinjansa a tsakiyar titi don kada a yi babu shi.

"Ku koma da tsafinku!"

"Oya, ribas! Ribas, dan ubanka!"

Direban bai jira an maimaita masa ba. Motar ta yi baya tana faɗa wa ramuka, ruwan kwata yana fantsama kan masu tallan lemo. Sista Victoria, ma'aikaciyar da take zuwa ɗibar jinin kajin, ta leƙo ta taga, ta yi ta dube-dube har ta hango Furera.

"Maman Umaima! Kajin! Kar ki bari..."

Ihun samari ya haɗiye sauran maganar. Motar ta karya kwana wajen layin dogo ta ɓace. Furera ta ajiye bokitin a inda take, ta koma cikin gida da sauri, ta wuce dogon lungun da ɗakunan haya suke kallon juna, ta fita baya. Kajin suna nan a kejinsu na waya, su huɗu, farare tas, kowace da zoben ƙarfe a ƙafa. 'Yarta Umaima ma tana nan inda ta bar ta, zaune a kan tabarma jikin kejin, tana tura musu dusa da hannunta mai lafiya.

Daminar bara ce ta mayar da Umaima haka. Zazzaɓi ya kama ta, washegari ta fara jijjiga, daga nan ta yi barcin da aka fid da rai da ita. Da ta farka a asibiti babu baki, hannun hagu ya lanƙwashe, yarinyar da a da sai an ce da ita ta yi wa mutane shiru. Uban bai ga wannan ba. Tun a rikicin ƙabilanci na Ketu aka kashe shi a rumfarsa ta albasa a kasuwar Mile 12, ya bar wa Furera ɗaki ɗaya a gidan Alhaji Jumare mai goro, a nan Agege inda aka haife ta.

A asibitin ta fara ganin Victoria, 'yar Kafanchan, mai Hausa irin ta kudancin Kaduna. Farkon wannan daminar sai ga ta har gida da roƙo. Ta bi gidaje da dama a layin, kowa ya ce ta ƙara gaba.

"Abin da ya kama yarinyarki ba sanƙarau ba ne," in ji ta a ranar. "Wata ƙwaya ce. Sauro yana ɗauka a jikin tsuntsu, ya kai ma mutum, ta hau ƙwaƙwalwa. Muna so mu yi allurar rigakafi, amma sai mun kama irin wadda take nan garin tukuna. Kajin nan kamar masu gadi ne. In sauro mai ita ya cije su ba za su mutu ba, amma jininsu zai nuna mana. Daga nan sai mu zo mu sa tarkon sauro a daidai wurin, mu kama ƙwayar."

"In kun yi allurar, Umaima za ta yi magana?"

Victoria ta sunkuyar da kai. "A'a, Maman Umaima. Allurar ta waɗanda ba su kamu ba ce. Kuma zai ɗauki shekaru."

Wannan a'a ɗin ce ta sa Furera ta ce a kawo kajin. Duk waɗanda ta bi a kan ciwon Umaima, daga mai rubutun sha har mai hayaƙi har wani Bayarabe mai sabulu a Oshodi, babu wanda ya taɓa buɗe baki ya ce mata a'a.

Tun daga nan, bayan kowane mako biyu Victoria takan zo, ta ɗaga fiffiken kaza, ta zuƙi jini kaɗan da allura, ta zuba a 'yar kwalba, ta jera cikin kula mai ƙanƙara. Zuwanta na ƙarshe ta ja Furera gefe tana murmushi. Jinin ɗaya daga cikin kajin, wata mai ɗingishi, ya nuna wani abu, amma sai an sake ɗiba an tabbatar kafin manyanta su yarda a fito da tarko. Damina kuma ta zo ƙarshe. In ruwa ya ɗauke, sauro ya ragu, to an yi asarar shekara ke nan. Jinin da za a tabbatar da shi, shi ne na yau.

Ba yau unguwa ta fara tsanar kajin ba. Mutanen da aka ƙona wa rumfuna, suka kwana a barikin soja da 'ya'yansu, ba sa ganin motar hukuma su yi mata marhabin. Ga shi kuma rediyo ya cika musu kunne da labarin yaran Kano da aka ce an gwada musu magani a shekarar sanƙarau. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake. Sai kuma a ce farar kaza, da jini, da mace mai sarƙar gicciye a wuya, da direba Bayarabe. Yaron goye ma a Agege ya san abin da ake yi da farar kaza a mararraba.

Amma fa duk wannan tsanar ba ta hana kowa cin ƙwai ba. Kajin Yaba akwai nasa ƙwai, ita kuwa Furera ba ta iya cin abu ita kaɗai ba, duk ɗakin da ke gidan ya samu rabonsa. Alhaji Jumare kansa ya sha shayi da wainarsa ba sau ɗaya ba. A lokacin babu wanda ya ji warin tsafi. Sai shekaranjiya da Safi, 'yar Hansai mai ƙanƙara ta ɗakin da ke kallon na Furera, ta kwanta da zazzaɓi. Jiya ta fara jijjiga aka kwashe ta zuwa asibiti. Kafin gari ya waye kowa a layin ya tuna cewa Safi ce mai zama da Umaima jikin keji, kuma ranar Talata an ga ƙwai a hannunta.

Furera ta ji takun mutane a lungu. Ta gyara ɗaurin zaninta, ta tsaya gaban kejin.

Alhaji Jumare ne a gaba, da sabuwar wayar salularsa a hannu. Tun da ya saye ta ba a taɓa jin ta yi ƙara ba, amma ko banɗaki da ita yake shiga. Bayansa Audu mahauci, wanda yake aiki a mayankar Oko-Oba, sai matan gidan, sai samarin da suka kori motar, suna leƙe ta saman kafaɗar juna.

"Furera."

"Na'am, Baba."

"Tun ranar da aka shigo da abin nan na ce miki ban so. Kika ce na asibiti ne. To ga asibitin nan mun gani."

"Baba, lokacin da Umaima ta kwanta akwai kaji a gidan nan?"

"Taki daban," wata daga cikin matan ta ce. "Taki iska ce, kowa ya sani."

"Iskar ce ba ta san ƙofar Maman Safi ba?"

"Kun ji ta ko? Fata take yi mata!"

Alhaji ya ɗaga hannun da ke riƙe da wayar, aka yi shiru. "Ni na san ubanki, tare muka yi fataucin goro. Don darajarsa na bar miki ɗakin nan bayan mijinki. Mutanen da suka yi wa mijinki yankan rago, yau su ne kike buɗe wa ƙofa suna shigo mana da jini. Ko kunya ba kya ji?"

Maganar ta soke ta inda ya nufa. Ta ji idonta ya kawo ruwa, ta danne. "Victoria ba ta kashe kowa ba, Baba. Ku bar su zuwa la'asar. Zan je in kira ta, ta ɗebi abin da za ta ɗiba, ta tafi da kajinta gaba ɗaya. Ba za ku sake ganinsu ba."

"Ta ɗebi me? Sauran jinin wa?"

Ba Alhaji ne ya yi tambayar ba. Mutane suka dare, Hansai ta shigo. Daga asibiti take, da zanin jiya a jikinta, jaririnta Ali a goye, idanunta sun kaɗa sun yi ja. Shekara nawa Furera tana sayen ƙanƙarar zoɓo a hannunta, tare suke tsefe wa juna kai, ita ce ma ta riƙe Umaima a motar haya ta danfo ranar da aka tafi da ita asibiti. Yau ko gaisuwa babu.

"Maman Safi, yaya jikin..."

"Kada ki kama sunanta! Kada bakinki ya sake kama sunan 'yata!" Hansai ta matso har Furera tana jin hucinta. "Tun asuba ba ta buɗe ido ba. Ina kiranta ba ta san ni ba. Ke taki ta lalace, shi ne kika ga ba za ki zauna ke kaɗai ba ko? Kika ba ta ƙwai da hannunki. Da hannunki, Furera! Ni da na ɗauke ki 'yar uwa."

"Wallahi har Umaima ta ci ƙwan nan. Har Baba."

Alhaji ya yi gyaran murya, ya duba wayarsa kamar an kira shi.

"Sauro ne, Maman Safi. Kwatar nan ce ta bayanmu. Kajin ma don a gane..."

"Sauro! Yau aka fara sauro a Legas? Abeg, ki raina wa wani hankali."

Gaskiyar magana, ita ma Furera ba ta yi barci jiya ba. Ta kwana tana juya abin a ranta. In fa kajin ne suke jawo sauron? In fa akwai abin da Victoria ba ta faɗa mata ba? Ba ta yi boko mai nisa ba, ba ta taɓa ganin ƙwayar nan da idonta ba. Abin da take da shi kawai mace ce da ta taɓa faɗa mata gaskiya a ranar da ƙarya ta fi sauƙi.

"Garin tone-tone kaza ta tono wuƙar yanka ta," in ji Alhaji. "Audu, yi aikinka."

Audu ya zaro wuƙa daga kube, ya gwada kaifinta a babban yatsa. Ya dubi kajin, sun yi ɓul-ɓul da abincin Yaba, ya haɗiyi yawu. Shi ma ya sha zuba musu ɓawon kankana in ya dawo daga aiki.

"Maman Umaima, matsa. Sabo da kaza ba ya hana yanka."

Ba ta matsa ba. Mata biyu suka kama ta, ɗaya ta finciko ɗankwalinta, wani daga cikin samarin ya sa ƙafa ya ɓalle ƙofar kejin. Kaji suka ɗauki kuka. Audu ya cafko guda, ya juya ta gabas, ya taka fikafikanta da ƙafafunta a kan simintin tsakar gida. Furera ta dubi simintin. Nan da ɗan lokaci duk abin da aka yi damina guda ana jira zai malale a kansa ya bi kwata.

"To ku yanka!" ta ɗaga murya. "Ku yanka a nan ɗin. Kun ce na tsafi ne, ku zubar da jininsu a inda 'ya'yanku suke rarrafe. A inda kuke alwala. Ya shiga ƙasar gidan, in ga wanda zai kwashe shi."

Wuƙar Audu ta tsaya a sama. Wata mata ta sunkuya ta ɗauke ɗanta daga ƙasa. Aka fara kallon-kallo.

"Gaskiya kada ya taɓa ƙasar gida," wata tsohuwa ta ce. "Abin da suke so ke nan ma."

"A fita da su waje."

"Waje ina? Ƙofar gidan wa?"

Alhaji ya shafa gemu. Gidan nasa ne, ya kuma san in labari ya fita cewa an zubar da jinin tsafi a ciki, ɗakunansa sai dai ɓeraye su kama haya. "A tara shi a wani abu, a kai shi can bayan layin dogo a binne. Wa zai tara?"

Jarumawan da suka kori mota da duwatsu duk suka sami abin kallo a sama. Babu wanda ya motsa.

"Wadda ta kawo shi ita za ta kwashe abinta," in ji Hansai.

Aka saki Furera. Ta shiga ɗaki ta ɗauko kofunan roba masu murfi da take sayar da kunun aya a ciki, wankakku, guda huɗu. Ɗaya murfinsa ja ne, sauran farare. Ba ta sani ba ko jinin wuya daidai yake da na fiffike. Ba ta sani ba ko Victoria za ta kalli kofunan ta ce aikin banza ne. Ta durƙusa gaban Audu ta tara.

"Har bisimilla za ka yi wa kazar tsafi?" wani saurayi ya tambaya.

"Ni ban iya yanka babu ita ba," Audu ya ce, ya ja wuƙa.

Jinin ya tsarto da ɗumi, wani a kofi, wani a hannunta har gwiwar hannu. Ta rufe, ta ajiye, ta ɗauki na biyu. Sai a kan kaza ta biyu Umaima ta gane abin da ake yi. Wani sauti ya fito daga maƙogwaronta, ba kuka ba, ba magana ba, irin ƙarar ƙofar da ta daɗe a rufe. Rabon da Furera ta ji muryar 'yarta tun bara. Yarinyar ta ja jiki a kan siminti ta zo ta kama zanin uwar da hannunta mai lafiya, tana ja, tana wannan sautin.

Babu wadda ta ɗauke ta a cikin matan. Audu ya riga ya danne mai ɗingishin, ita ce ta uku, wuƙa tana kan wuyanta. Duk jikin Furera yana ce mata ta saki kofin ta rungumi 'yarta, ta rufe mata ido. Ta ɗauki mai jan murfi ta tara da hannu biyu, tana jin zaninta yana kwancewa ta baya. Ba ta waiwaya ba har kofin ya kusa rabi.

"Ku gani da idonku," in ji wata. "Jinin kaza ya fi mata 'yar cikinta."

"Allah ya kiyashe mu da son abin duniya."

Da aka gama, wani yaron shago ya kawo buhu aka zuba gawarwakin, za a jefa a babbar kwata. Audu ya bi buhun da kallo kamar mai rakiyar ɗan uwa. Samarin suka tattake kejin har ya zama faifai, sannan suka fita suna ba juna labarin abin da kowa ya gani da idonsa.

"Ki ɗauke wannan ƙazantar daga gidana yanzu," Alhaji ya ce. "Kuma kafin wata ya mutu ki nemi ɗaki. Je ki wajen mutanen naki na Yaba su ba ki."

"Baba, ina zan kai yarinyar nan?"

"Da kika karɓi kajin, kin tambaye ni?"

Ya juya ya tafi. Matan suka watse, kowace tana jan ɗanta kada ya bi ta kusa da ita. Sai a lokacin Furera ta zauna a ƙasa ta jawo Umaima jikinta. Yarinyar ta ture ta. Ta sake jawo ta, ta sake ture ta, idonta yana kan gashin kajin da ya manne a siminti. Wannan ya fi wa Furera ciwo a kan duk abin da aka faɗa mata yau.

Ta wanke hannu, ta canza zani, ta jera kofunan a cikin kular zoɓonta. Bayan layin dogo aka ce ta kai. Ita kuwa Yaba za ta, ta san ginin, ta taɓa kai Umaima a duba ta. Amma rana ta take, kuma daga Agege zuwa Oshodi, daga Oshodi zuwa Yaba, a cunkoson danfo sai abin da hali ya yi. Ba ta taɓa ganin Victoria ta ɗauki jini ko nan da bakin layi babu ƙanƙara ba. Tun jiya NEPA ta ɗauke wuta, kuma ko da akwai, babu mai sayar mata da ko ashana a layin nan yau. Firiza ɗaya ce a gidan, tana ɗakin da yake kallon nata.

Ta goya Umaima da ƙyar, ƙafafun yarinyar suna dukan cinyoyinta. Ta ɗauki kular, ta tsaya a ƙofar Hansai ta yi sallama. Ba a amsa ba. Labulen a ɗage yake. Hansai tana cusa zannuwa a leda, a kan murfin firizar kuma ga dunƙulen ƙanƙara guda ɗaya a cikin tawul, ya fara zubar da ruwa. Ita ce ta rage. Ita ta dawo ɗauka, don nas ta ce a riƙa sanyaya wa Safi jiki.

"Maman Safi, ƙanƙara nake roƙo. Ko kaɗan ce."

Hansai ta juyo a hankali. Ta dubi kular, ta dubi Furera. "Ba binnewa za ki yi ba."

"A'a."

"Kai musu za ki yi."

"E."

"Lallai ke ba ki da tsoron Allah. In na yi ihu yanzu, kin san abin da yaran nan za su yi miki?"

"Na sani."

Hansai ba ta yi ihun ba. Ta tsaya da zani a hannu. Ta dubi Umaima da ta kwantar da kai a bayan uwarta, yawu yana bin gefen bakinta, ta yi saurin kawar da ido. Da ta sake magana, muryarta ta sauka.

"In sun samu abin da suke nema a ciki, Safi za ta tashi?"

Kalma ɗaya ce tsakanin Furera da ƙanƙarar. In ta ce e, ko ta ce da yardar Allah, Hansai za ta miƙo mata dunƙulen gaba ɗaya, har ta raka ta bakin titi. Ta san haka domin ita ma ta taɓa tsayawa a wannan wurin, ta san abin da uwa take iya bayarwa in an ce mata e.

"A'a," ta ce. "Ba ta Safi ba ce. Ba ta Umaima ba ce. Allurar ta waɗanda ba su kamu ba ce, kuma an ce sai an yi shekaru."

Ali ya motsa a bayan Hansai, ya yi ɗan kukan barci. Hansai ta kai hannu baya ta dafa shi, ba tare da ta sani ba. Fuskarta ta murtuke.

"Allah ya isa tsakanina da ke, Furera. Fita min daga ƙofa."

Ta saki labulen, ta turo ƙyauren da ƙarfi.

Furera ta juya ta kama lungu. Duk ƙofar da ta wuce sai ta ji an ja yaro ciki. Ta kusa kaiwa zaure ke nan ta ji wani sauti daga baya, dukan taɓarya a kan abu mai tauri, sau ɗaya, sau biyu. Ƙyaure ya buɗe. Wani abu ya taho yana sulɓi a kan simintin lungun, ya zo ya bugi dunduniyarta. Kafin ta waiwaya an rufe ƙofar, ta ji an zura sakata.

Rabin ƙanƙarar ce, ko tsumma ba a naɗe ta da shi ba.

Ta durƙusa da goyonta, ta farfasa ta a gefen dakali, ta cusa gutsattsarin a tsakanin kofunan, mafi girman ta ɗora a kan mai jan murfi. Ta rufe kular, ta ƙara ɗaure zanin goyo, ta nufi bakin layi inda samarin suke tsaye har yanzu, wasu ba su ma yar da duwatsunsu ba.